Bushiyar da Na Tarar a Cikin Toka

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin ƙarami ne a idon mutane, ni dai ya tsaya mini a rai.

Tun da maigidana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, filinsa na bayan gari ya dawo hannuna. Ba na iya noma shi duka, rabi ya koma ciyawa. A tsakiya yake, dama gonar wani mai kiwon zuma, hagu rumfar kafinta cike da katako. Duk ƙarshen damina masu filayen wurin sukan haɗu, su share iyakoki, su ƙona ciyawa fili bayan fili tun tana da sauran danshi, don kada gobarar rani ta sami abin ci. Kowa ya yarda sai ni. Tun muna yara malamarmu ta koya mana ba a azabtar da mai rai da wuta, ko tururuwa ce, ni kuma na san abin da ke kwana a ciyawar nan. Bara na ce su yi haƙuri, bara waccan ma haka. Har 'yata ta laƙaba mini lauyar tururuwa. Matar kafinta kuwa, da muke zama mu sha hira, gaisuwarta ta koma sama-sama. Ban ga laifinta ba, abincin 'ya'yanta ne jingine da ciyawata.

Bana mai zuma ya zo da kansa. Ya ce shi ma da hayaƙi yake aiki, kuma ba ya son ƙudan zumansa ko ɗaya ya mutu. Ya roƙi mu gwada ɓangaren da ke gefensa kawai. Na yarda bisa sharaɗi: a bi ciyawar da sanduna ana bugawa, a kunna ta gefe ɗaya, a bar ɗayan a buɗe.

Anti, ban taɓa sanin wuta tana da ladabi ba sai ranar. Da sassafe ne, raɓa ba ta gama bushewa ba, maza sun jeru da jiƙaƙƙun buhuna da jarkokin ruwa. A hankali take tafiya, ko ƙuguna ba ta kai ba. Da idona na ga zomaye sun fita, fara tana tashi, har da wani maciji da ban yi masa rakiya ba. Na koma gida jikina sakayau. Ashe ni ma tsoron gobarar nan ya daɗe yana cin raina, ban dai faɗa ba.

Washegari na zaga, sai na tarar da bushiya a dunƙule cikin toka. Ita ba ta gudu, in ta ji bugu naɗewa take yi. Kenan sharaɗina ne ya tsayar da ita. Na binne ta, na yi istigfari. Yanzu saura gefen kafinta, suna so a yi kafin iska ta taso. Zuciyata ta yarda, amma kunyar sauƙin da nake ji nake yi. In bari su ƙarasa?

Taki,
Mai filin tsakiya


Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan maigida.

Ki bari su ƙarasa, kuma ki daina jin kunyar kwanciyar hankalinki. Tausayinki ba shirme ba ne, shi ya buɗe wa zomayen nan hanya. Amma maƙwabtanki ma suna da gaskiya. Ciyawar nan in ba ku ƙona ta da danshi kuna tsaye ba, wata rana za ta kama da kanta a tsakiyar rani, ta ko'ina, ba zomo ba bushiya ba katakon da zai tsira. Ni ba malama ba ce, ki kai maganar wurin malamin da kika amince da shi, ki faɗa masa yadda kika faɗa mini. A fahimtata dai, wanda ya nufi azabtarwa daban, wanda ya nufi kare haƙƙin maƙwabci ya kuma yi iya ƙoƙarinsa daban.

Bushiyar ta koya miki abu, ki yi aiki da shi. A sassabe ciyawar gefen rumfar tun kafin ranar, a ɗaga ta da manjagara a duba ƙarƙashi. Abin da ba ya gudu a kwashe shi a bokiti. Ki ware ɗan lungu nesa da katako, a share kewayensa, kada a ƙona, can za a kai su. A sanar da hukumar yankinku, a fasa in iska ta juya, kada a watse sai garwashin ƙarshe ya mutu.

Sannan kada ki aika kowa. Ki yafa mayafinki ki je wurin matar kafinta, ta ji daga bakinki. Ki ce wa 'yarki kuma, tunda ta naɗa ki lauya, ita ce mai riƙe bokiti.

Allah Ya tsare ku, Ya sa a tashi lafiya.