Kason Naman Gidanmu

Yuen Long, Oktoba 1994

Zuwa ga ƙanwata Yuk-ha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara a sanyin nan na Kanada. Na kunna miki turare gaban allon kakanni, ina roƙon ciwon gwiwar nan ya sake ki. Mu ma lafiya lau, sai dai zama ya gagare ni, ko kofin shayi ba na iya shanyewa a kujera ɗaya.

Maganar 'yata Wai-sum ce. Tun da ta gama jami'a ta shige cikin masu cewa a bai wa kowa ƙuri'a yanzu-yanzu, mace da namiji, daga zaɓen majalisa har na dagaci, kafin Turawa su miƙa mu ga Sin. Baffa Shu-fun, dagacinmu, kin dai san bakinsa. Ya ce shekara ɗari da hamsin Turawa ba su tuna da ƙuri'a ba sai da suka ɗaure kayansu, kuma duk abin da aka gina a gurguje masu zuwa za su rushe shi, su haɗa da maginan. Gaskiya ni ma ra'ayina ke nan, a bi a hankali. Ita kuwa ta ce wane irin a hankali, saura shekara uku?

Shekaranjiya muka hau dutse gaida kabarin Kaka. Da aka gama, aka hau raba naman gasassun aladu, kowane namiji da kasonsa. Da aka zo kaina, sai Baffa ya riƙe ƙunshin, ya ce a gaban kowa ba zan karɓa ba sai na yi alkawarin yarinyar nan ta daina liƙa takardunta a ƙofar gari. Kin sani, wanda aka hana kaso an cire shi daga dangi ke nan.

Har na miƙa hannu fa. Sai na hango Wai-sum can baya cikin matan da suka hauro da aladun a kafaɗa, tana murza wuyanta, ko kallona ba ta yi. Kawai na ji bakina yana cewa Baffa ya riƙe abinsa. Na sauko hannu rabbana, ba wanda ya jero da ni.

Har yanzu ina ganin ƙila Baffa ke da gaskiya, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma a gangaren na tuna ke ma kin ɗauki sandar rataya aladun nan shekara goma sha biyu har kika yi aure, ni ina gaba ina jiran kasona, ban taɓa waiwayowa ba. Ki yafe mini.

Ki gaida maigidanki Chi-kuen, da yara Siu-fong da Ka-lok. Matata Lai-king tana gaishe ki.

Yayanki,
Kam-chuen