Kwana Tara a Mota da Surukina, Ban Ci Abincinsa Ba

Anti Asma, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Ni 'yar Gumel ce, shekarata talatin da ɗaya a Madina, muna zaune a unguwar Ƙuba. Tun rasuwar maigidana sana'ata ita ce dafa wa mutanenmu masu zuwa umara tuwo da miya. Ina kuma fama da ciwon suga.

'Yata ta fari, wadda ba zan kama sunanta ba, kin san dalili, ta auri wani Bature ɗan Norway da ya musulunta ya zo karatu nan. Yaro mai ladabi, ba ni da abin cewa a kansa. Duk zaman da suka yi a Madina ban taɓa shiga matsala ba, don in ya zo gida a majalisin maza ake kai masa abinci. Da ya gama karatu suka koma ƙasarsu. Bara da zafi ya tsananta suka aiko mini da tikiti.

Ashe yawo ya shirya mini. Ya ɗauko hayar wata mota mai gado da murhu a ciki, da tebur ɗaya tak wanda bai fi faifai biyu ba. Kwana tara muna tafe mu uku, daga dutse sai ruwa. Ya rubuta a takarda duk inda za mu tsaya mu ci: inda ake gasa wani kifi mai jan tsoka da aka kamo da safe, da gonar da ake yin cuku mai launin ƙasa mai zaƙi-zaƙi, da wurin wata waina tasu da ake shafa wa dafaffun 'ya'yan itace. Ko'ina sai da ya bi ya tambaya, ba alade ba giya. Har inda ake shanya busasshen kifin nan mai tauri da ake kaiwa Najeriya ya kai ni, yana ta murna wai ga abin da ya haɗa ƙasarsa da tawa.

Anti, ni kuwa ta yaya zan buɗe baki in tauna abinci suruki yana kallona? Uwata har ta koma ga Allah mijina bai taɓa ganin ta kurɓi ruwa ba. Duk sanda aka ajiye faranti sai in ce na ƙoshi, alhali yunwa nake ji. Ƙasar kuma rana ba ta faɗuwa sai ta ga dama, ko duhun da zan fake da shi babu. In sun fita ɗaukar hoto sai in jefa dabino biyu uku a baki, in tura ƙwallon a aljihun kujera. Rana ta shida jiri ya ɗebe ni a cikin jirgin ruwan da ke tsallakar da motoci, na ce musu ruwan ne bai karɓe ni ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na gidan mahaifiyarsa. Tsohuwar ba musulma ba ce, amma sai da ta sayi sabuwar tukunya da sabon ludayi domina, ta yi miyar kifi da madara. Aka zaunar da ni, shi yana daidai gabana. Na riƙe cokali har miyar ta huce. Ta zo ta ɗauke kwanon. Ni da nake dafa wa mutane, na san zafin a dawo miki da kwano yadda kika kai shi. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Da zai mayar da motar sai ya tarar da ƙwallayen dabinon. Ƙanwar matar tasa, Halimatu, ita ta ba ni labari. Wai ya ce yanzu ya gane, yunwa nake ji amma ina ƙyamar abin hannunsu, ina ganin musuluncinsa bai kai a ci abincinsa ba. 'Yar tawa a nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, ba ta taɓa ganin wannan al'ada ba. Ni kuma ba mu saba doguwar magana da ita ba, balle in zaunar da ita in yi mata bayani.

Yanzu ta haihu, namiji, wata huɗu ke nan ban gan shi ba sai a waya. Sun sake shirya tafiya a irin waccan motar, za a kai jaririn wurin kakarsa ta wajen uba. 'Yar tawa ta aiko ta bakin Halimatu cewa in abin bara zan maimaita, halas, shi ke nan, gara in yi zamana, ba za ta sake kallon mijinta yana cin abinci kai a sunkuye ba. Sati biyu ya rage in ba da amsa. In na je ba zan iya ci ba, in na zauna na tabbatar masa da zatonsa. Ina zan sa kaina?

Mai kunya, Ƙuba

Hajiya, na karanta wasiƙarki sau biyu, ban kuwa yi dariya ba. Kunyar suruki ba ƙauyanci ba ce. Girmamawa ce, kuma da yunwarki kika biya ta har kwana tara. Amma ki dubi nasa gefen. Ya bi gari gari yana nemo miki mafi kyan abin da ƙasarsa ke da shi, ya ga kin kawar da kai, sannan ya tsinci ƙwallon dabino. Ko ni ce abin da zan zata ke nan. A Gumel kowa ya san ma'anar shirunki. A can babu mai fassara shi sai ke.

Ki kuma tuna al'ada ce, ba hukuncin addini ba. Surukinki muharraminki ne. Mai ciwon suga da ke wuni a kan dabino uku kuwa da ranta take wasa, wannan ba na sassauta miki shi.

Ga abin da nake gani. Cikin satin nan, kafin maganar tikiti, ki samu wani babba a danginku mai jin Larabci ya kira shi ya warware masa: a wurinmu surukar da take ganin girmanka ita ce ba ta ci a gabanka. Halimatu ta yi ƙoƙari, amma wannan ba saƙon yara ba ne. Ita kuma 'yarki, ki daure ki yi mata saƙon murya da bakinki, ko na minti ɗaya. Ba sai kin kama sunanta ba. Ki ce kunya ce, ba ƙyama ba, kuma ke ce ba ki koya mata ba.

Sannan ki je, amma a yi tsari tun daga nan. In an tsaya cin abinci shi ya ɗauki jariri ya zaga, ke da 'yarki ku ci, in ya dawo ki gaya masa abin da ya fi miki daɗi. Mai ciyarwa yabon nan yake jira. Ki riƙa neman abinci da kanki, ki ce kifin nan na bara nake so. Kifi da ƙwai da dankali da burodinsu mai dusa duk za su riƙe ki, cukun nan mai zaƙi da wainar kuwa ɗanɗano kawai. Ki ga likitanki kafin tafiya, maganinki ya zauna a jakar hannu.

Gidan tsohuwar kuma ki roƙa ta sake yin miyar, ku ci ku mata zalla, ki shanye ki miƙa kwano a ƙara. Ba kwa jin harshen juna, amma wannan za ta ji shi.

Ban ce lallai ki ci a gabansa ba. In wata rana kin iya karɓar kofin shayi daga hannunsa kin kurɓa, madalla, in ba ki iya ba babu laifi, muddin ya san dalili. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne jinkiri. Mutumin nan ya bar addinin iyayensa ya shigo cikinmu, kuma shekara guda ke nan yana zaton uwar matarsa ba ta karɓe shi ba. Kada ki bari ya ƙara sati da wannan zato.

Allah ya ƙara lafiya, ya raya jika, ya kai ki ya dawo da ke lafiya.

Anti Asma