Rasuwar Baba Mai Sifana da Ƙofar da Aka Rufe a Kansa

Daga Ƙungiyar Masu Gyaran Iska ta Hawan Ƙasa, zuwa ga iyalan mamaci, da jama'ar tasha baki ɗaya, da Masu Girma Dattawan Zauren Ƙulli.

Muna neman afuwar duk wanda wannan takarda ta iske a tsakiyar aikinsa, domin tsawonta ya wuce yadda aka saba, kuma mai karatu zai ga abin da ya tilasta mana hakan kafin ya kai ƙarshenta.

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Gyaran Iska ta karɓi labarin rasuwar Babban Makanikenta, Shugaban Ɗakin Famfo, Uban Ƙungiya kuma Malamin Malamanmu, wanda babba da yaro a wannan tasha tamu da ke rataye tsakanin taurari suka sani da Baba Mai Sifana. Ya rasu ranar Talata, ana tsakiyar aikin safe, a cikin ɗakin famfo, yana zaune a kan akwatin kayan aikinsa bayan ya gama ɗaure matatar iska ta ƙarshe cikin shida. Mataimakinsa Dogo, wanda suka yi shekara ashirin suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ya zaci hutawa yake, har ya zuba masa shayi ya ajiye kusa da ƙafarsa. Ya bar matarsa, wadda duk muke kira Inna, da 'yarsa ɗaya mai aikin walda a tashar jirage, da jikoki uku.

Marigayin ya yi wa wannan Ƙungiya hidima shekara talatin da ɗaya. Gidaje ɗari huɗu ne a hawan ƙasa, kuma duk iskar da ake shaƙa a cikinsu ta ɗakinsa take bi. A tsawon waɗannan shekaru allurar ma'aunin iska ba ta taɓa shiga ja ba, ko sau ɗaya, kuma na duba rijistar da kaina shafi bayan shafi kafin in rubuta wannan jimla. Yana gane famfon da zai lalace tun saura mako guda, ta hanyar ɗora tafin hannu a jikin bututu. Bai taɓa barin wani ya ɗaure noti bai bi bayansa ya taɓa ba, abin da ya sa da yawa cikinmu muka yi fushi da shi a shekarar farko, muka gode masa a sauran.

Saboda masu tasowa da ba su san asalinsa ba, ya wajaba a faɗa cewa kafin ya zo mana ɗan Zauren Ƙulli ne. Wannan Zaure, kamar yadda ƙasidar da suke rabawa a bakin ƙofarsu ta bayyana, ya girmi tashar nan da shekaru dubbai, kuma 'ya'yansa na iya ƙulla igiyar da ido ba ya gani da motsin yatsu kawai, su riƙe abin da ƙarfe ba zai riƙe ba. Ƙasidar ta ce kakanninsu sun taɓa tsayar da jirgi yana faɗowa. Na karanta ta sau uku ina neman abin da Dattawan yanzu suka tsayar, ban samu ba. Abin da na samu a shafi na tara shi ne dokar da ta hana ɗan Zaure taɓa ƙarfe da hannunsa. Wata rana bututun ruwa ya fashe a ɗakin taronsu, Dattawa goma sha biyu suka tattare rigunansu suka hau kujeru suna shawarar wanda ya cancanta ya fara ƙulli, marigayin kuwa, yana ɗan shekara ashirin da bakwai, ya ari sifana a hannun mai shara ya ɗaure bututun. Kafin ƙasa ta bushe sun tuɓe masa riga, sun karɓe sandarsa, sun karanta sunansa a cikin korarru. Da sifanar ya iso mana, kuma mai sharar bai taɓa tambayarta ba.

Sau ɗaya tak muka ga ya yi aiki da abin da ya koyo a can, a shekarar da wani dutse daga sararin sama ya huda bangon hawan ƙasa kusa da makaranta, iska ta fara zurarewa waje. Ya tsaya a gaban hujin ya ɗaga hannuwa, ya riƙe shi har sa'a biyar, jini na zuba daga hancinsa, sai da masu walda suka gama liƙe bangon. An aika wa Zaure tun a sa'ar farko. Masu Girma Dattawa sun iso bayan an share wurin, domin sandunansu na sarauta sun fi lifta tsawo, dokarsu kuma ta hana a kwantar da sanda, sai suka sauko ta matakala hawa goma sha ɗaya suna hutawa a kowane hawa. Da wani a cikinmu ya tambayi marigayin daga baya dalilin da ya sa ba ya ɗaure noti da ƙulli ya huta, sai ya ce, "Ɗana, ƙullin nan yana riƙe bango, amma bai san noti mai lamba sha huɗu ba."

Da a nan ya kamata takardar ta tsaya mu yi addu'a. Sai dai, sa'a biyu bayan rasuwar, muna jiran a kawo abin ɗaukar gawa, Mai Girma Babban Dattijo, Mariƙin Sanda ta Farko, Magajin Kujerar Kakanni, ya bayyana a bakin ɗakin famfo da mutum biyu a bayansa. Shekara talatin da ɗaya Zaure bai aiko wa marigayin ko gaisuwar jinya ba. A ranar suka tuna cewa, bisa wata tsohuwar al'adarsu, duk wanda ya taɓa riƙe igiya nasu ne idan ya mutu, kuma ɗakin da ya cika a ciki dole a rufe shi da ƙulli kwana sittin, wai don kada ƙarfinsa ya watse a hannun jahilai. Jahilan mu ne. Suka fitar da mu, suka ja ƙofa, suka kaɗa yatsu, suka manna hatiminsu a bango. Inna ta iso tana haki, ta tura ƙofar da kafaɗa, ƙofar ba ta ko motsa ba. Abin da ta faɗa wa Babban Dattijo mutum ashirin sun ji, kuma ta ba ni izinin rubuta shi: "Ranka ya daɗe, shekara talatin ina wanke masa baƙin mai a riga, ban ga ɗayanku ya zo da sabulu ba. Yau da ya daina ɓata riga ya zama naku?" Mai Girma ya amsa mata da cewa kamata ya yi ta yi alfahari.

Akwai abin da Dattawa ba su tambaya ba, mu kuma ba a bar mu mun faɗa ba, domin an ce ma'aikaci ba ya magana ana ƙulli. Matatun iska na hawan ƙasa kwana goma sha biyu suke yi kafin su toshe. Wannan yana rubuce a shafin farko na ƙasidar kiyaye iska, wadda ake ba kowane sabon ma'aikaci ran da ya fara aiki, kuma ba ta kai tasu ƙasidar kauri ba. Matatun suna bayan ƙofar, sababbin da za a canja su da su ma suna bayan ƙofar, a kan kanta, kusa da gawar mutumin da ya jera su. Yau kwana biyar ke nan. Ba a kai rabin wa'adin ba, amma da yake babu mai kula da famfo, allura ta bar kore ta shiga rawaya jiya, malamar makaranta ta aiko cewa yara sun fara barci a aji, kuma ma'aikaciyar asibiti ta kwashe tsofaffi huɗu masu ciwon ƙirji zuwa hawa na sama.

Mun rubuta wa Zaure sau biyu. Amsar farko ta ce Dattawa suna zaman makoki. Bayan ta biyu aka turo mutum biyu, suka tsaya a gaban ƙofar suna murɗa yatsu wajen sa'a guda, gumi ya jiƙa musu wuyan riga, ɗaya ya ciro wani tsohon littafi ya juya shi sama da ƙasa, sannan suka sanar da mu cewa ranar ba ta dace da kwance ƙulli ba, suka tafi. Ƙungiya ba ta zargin kowa da komai, ta faɗi abin da ta gani ne kawai. Muna da injin da zai yanka bangon gefen ƙofar cikin sa'a uku, 'yar marigayin kuma ta ce ita za ta liƙe shi bayan an gama. Abin da ya tsayar da mu shi ne dokar tasha, wadda ta ce duk wanda ya taɓa bango mai hatimin Zaure ba tare da rubutaccen izini ba za a ɗora shi a jirgi na gaba, ba kuma zai sake dawowa ba.

Ga Inna, da 'yarsa, da jikokinsa, Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta, tana kuma jin kunyar cewa ta'aziyyar ta riga suturar. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa hidimar da ya yi wa numfashin bayinSa ta zame masa haske, Ya ba ku juriyar rashinsa da juriyar jiran da aka ɗora muku a kai.

Ga Masu Girma Dattawan Zauren Ƙulli, muna roƙon amsa a rubuce, da hatimi, a kan abubuwa uku:

1. Ku zo ku kwance ƙullin kafin aikin safe na ranar Talata mai zuwa, a ba Inna gawar mijinta, a bar mu mu canja matatu. Mun auna lifta, za mu cire rufinta saboda sanduna.

2. Idan kwancewar ta gagara, ku rubuta mana layi ɗaya na izinin yanka bango. Ba sai kun faɗi dalili ba, ba kuma za mu tambaya ba.

3. Idan ba za ku yi ko ɗaya ba, ku rubuta hakan, domin jama'ar hawan ƙasa su san a hannun wa numfashinsu yake.

Zan zauna a ofishin Ƙungiya ina jiran amsa har ƙarfe takwas na safiyar Talata. Idan ba ta zo ba za a yanka bangon, kuma kwamitin Ƙungiya ya amince da roƙona cewa ni zan riƙe injin, ba Dogo ba, domin shi yana da 'ya'ya ƙanana. Ban taɓa riƙe shi ba, amma an nuna mini yadda ake yi, na kuma shaida wa matata ta haɗa mini kaya. Na faɗi haka tun yanzu don kada Dattawa su sha wahalar saukowa neman wanda za a ɗora a jirgi.

Sa hannu,
Magatakarda,
Kakakin Ƙungiyar Masu Gyaran Iska ta Hawan Ƙasa,
a madadin Kwamiti da dukkan ma'aikata.