Idona Ya Miƙe, Amma Ban Isa Riƙe Jirgi Ba Tukuna

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta masu jiragen fito,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka tafi Yelwa, shi ya sa na rubuto a fili, don kai da sauran 'yan ƙungiya ku ji daga bakina. Ka yi haƙuri da rubutun, ido ɗaya a rufe nake yin sa.

Ni ne Bawa, matuƙin babban jirgin ƙungiya da ke fito daga Wara zuwa ƙetaren tafki. Da harara-garke aka haife ni, idon hagu yana kallon gefe. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da jirgin nan a haka, ban taɓa goga shi da kututture ba. Ga abin da ya kawo ni.

Na ɗaya. Ba ni na nemi a yi mini aikin ido ba. Bayan an yi mana sabuwar jiha, ƙungiya ta ce za ta sake rajistar matuƙa, kai kuma ka kira ni ka ce baƙin ma'aikata da ke shiga jirgina suna ƙorafi, wai ba su san inda nake kallo ba. Ka ce in je a gyara, jirgi zai jira ni. Inna ta hana ni, ta ce yadda Allah ya yi ni ya ishe ta. Maganarka na bi na bar tata, na tafi Sakkwato.

Na biyu. An yi aiki, kuma ba ni da abin faɗa game da likita sai godiya. Amma mutane na zaton da an cire bandeji shi ke nan. Mako biyu idon yana ja kamar garwashi, ɗinkin yana sukata kamar an zuba mini yashi. Kullum da asuba sai matata ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi ta share kwantsa kafin ido ya buɗe, sannan ta ɗiga magani. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne komai bibbiyu nake gani. In an miƙo mini kwano, sai in kai hannu inda babu kwano. Likita ya ce tun ina yaro da ido ɗaya nake aiki, yanzu ne biyun ke koyon tafiya tare, kuma abin zai iya kai wata uku. Ya rubuta takarda cewa kada in tuƙa komai sai ya sake duba ni. Na miƙa wa sakataren ƙungiya ita hannu da hannu.

Na uku. A mako na huɗu na lallaɓa na je masallacin Juma'a. Sakatare ya gan ni, ya leƙa fuskata ya ce, "Ai ido ya miƙe sarai, Bawa. Zaman me kuma kake yi?" Washegari aka aiko in fito aiki ranar kasuwa. Na tuna wa sakatare da takardar likita, ya ce bai san inda ya ajiye ta ba.

Laifina ɗaya a nan, kuma ba zan ɓoye shi ba: na fito. Na ji tsoron a ce na raina ƙungiya. Jirgi ya cika da mata masu goyo, da buhunan gero, da kwandunan busasshen kifi. Da muka bar gaɓa rana ta bugi ruwa, hasken ya dawo mini a ido, hawaye suka fara zuba. Ka san wurin nan da tsofaffin itatuwa suka nutse tun da aka tare ruwa, inda kawunansu kaɗai ke leƙowa. Na san su ɗaya bayan ɗaya kamar ɗakunan gidanmu. Ran nan na duba na ga kowanne ya zama biyu, ban san wanne ne na gaske ba. Na rufe ido ɗaya, sai ɗayan ya cika da hawaye. Na kashe inji.

Muka tsaya tsakiyar ruwa, iska tana tura mu. Mata suka fara salati. Wani dattijo masunci da ke cikin fasinja ya tsallako kan buhuna ya zo wurina, ya tambaye ni a hankali ko lafiya. Na faɗa masa gaskiya. Sai ya karɓi inji, ni kuma na zauna kusa da shi kaina a sunkuye ina gaya masa hanya da ka. Haka muka ƙetare. Babu wanda ko ƙafarsa ta jiƙe.

Na huɗu. Maimakon a tambaye ni abin da ya faru, takarda aka kawo mini mai ɗauke da sa hannunka. Ta ce na kunyata ƙungiya a gaban fasinja, kuma in ban koma aiki cikin kwana bakwai ba, za a ba wani jirgin har abada. A bakin ruwa yanzu cewa ake yi Bawa ya tsorata da ruwa. Wasu ma na cewa wani abu nake sha. Ɗiyata ta dawo daga makaranta ta tambaye ni ko gaskiya ne.

Ranka ya daɗe, na gaji. Na gaji da nuna wa mutane ido suna cewa ai lafiyarsa lau. Daga waje suke kallonsa, ni kuwa daga ciki nake kallo.

Roƙona uku ne. A janye takardar nan. A ba wani matuƙi riƙon jirgi har in koma wurin likita ƙarshen wata mai zuwa, abin da ya ce shi za mu bi, ko da cewa ya yi na bar tuƙi ke nan. Sannan ka faɗa da bakinka a taron ƙungiya cewa rashin lafiya ce ta tsayar da ni, ba tsoro ko shaye-shaye ba. In zaman banza ne ba ku so, ku ba ni tsaron gaɓa ko jera kaya, zan yi.

Wa'adin da kuka ba ni zai cika ranar kasuwa mai zuwa. Zan zo bakin ruwa da sassafe. In ba ku sake shawara ba, zan miƙa maka makullin inji a gaban jama'a, mu rabu lafiya. Amma ba zan sake ɗaukar 'ya'yan mutane in shiga tafkin nan da wannan ido ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare jiragenmu da duk wanda ya shige su.

Wassalam.

Bawa, matuƙin jirgin ƙungiya, Wara.