Ragon Inna da wuƙar da ke ɗakina

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, nan Agadas ba ni da wanda zan zauna in faɗa wa wannan.

Ni Kirista ne, daga kudu na zo, matata da yara suna can ƙauye. Na yi aikin gyaran kamiyo, manyan motocin kaya, a Anou Araren, da kontara ta ƙare na dawo gari na shiga wani garaj. Ɗakin da na samu haya yana gidan wata tsohuwa Musulma, Inna nake ce mata. Ranar da na je ta tambayi sunana, na faɗa, ta ce kai, sunan annabi, Allah ya yi albarka. Ba ta tambayi addinina ba, ni kuma na yi shiru, don tsoron kar ta hana ni ɗakin.

Inna ita kaɗai ce. Ɗanta direba ne, ya ɗauki hanyar Libiya, daga Séguédine ya kira ta kiran ƙarshe, har yau ba labari. Sai ta mai da ni ɗa. In na dawo aiki tuwona na rufe a bakin ƙofa. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta dama mini kunu, tana yi mini faɗa wai ƙato da ni sauro ya ka da ni. A garin nan duka ita kaɗai ke lura in ban dawo da wuri ba.

Ƙaryar ta yi ta girma. Ran Juma'a nakan sa riga mai kyau in fita lokacin masallaci, in je in zauna bayan garaj. Ran Lahadi in ce mata patoro, mai garajinmu, ya kira ni aiki, rigar majami'a na cikin leda. Da azumi takan aiko mini abin buɗa-baki, alhali na ci na ƙoshi da rana. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yanka. Kun san mace ba ta yanka a nan. Wata rana ta fito da kaza da wuƙar ɗanta, ta ce ɗana zo ka yanka mini, na gaji da bin maƙwabta. Na karɓa, na juya gabas yadda na ga ana yi, na ce bisimilla da ƙarfi don ta ji. Na gaya wa kaina ai mu ma Allah muke kira. Amma na san ba abin da take nufi ke nan ba. Tun daga nan duk kazar da aka ci a gidan ni na yanka.

Pasto yakan ce kafin Jibin Ubangiji kowa ya binciki zuciyarsa. Ni in na sunkuyar da kai, Inna nake gani riƙe da fukafukan kaza tana jirana. Na daɗe ban ci Jibi ba. Ina zama bencin baya, in tiren gurasar Jibi ya iso in miƙa wa na gaba. Da pasto ya tambaye ni a bakin ƙofa, na ce masa cikina ne ba lafiya. Kun gani, har cikin ɗakin Allah na ƙara wata ƙaryar.

Yanzu ga Tabaski, babbar salla, ta matso. Inna ta sayi ɗan rago tun yana ƙarami, da hannunta take ba shi dusa, ta ce za ta yi layya tana roƙon Allah ya dawo mata da ɗanta. Shekaranjiya ta kawo mini wuƙar ta ce in wasa, tana dariya, wai bana ba mai yi mata yanga, tana da namiji a gida. Ban san hukuncin addininsu ba, amma na san in ta sani ba za ta yarda hannuna ya taɓa ragon nan ba. Ibadarta ce, kuma addu'ar ɗanta ce a kai.

Na kira matata, ta ce in tattara kayana in bar gidan ba tare da bayani ba. Mun yi cacar baki har ta kashe salula. Yaya zan yi wa Inna haka, ita da ɗanta ya fita bai dawo ba?

'Yan'uwa, in na faɗa mata gaskiya wataƙila ta kore ni, kuma za ta tuna duk naman da ta ci. In na yi shiru na yanka, ban san da wace fuska zan ƙara shiga majami'a ba. In faɗa mata ni kaɗai, ko in je da pasto? Da wace kalma zan fara? Wuƙar tana nan ɗakina ban wasa ba, kuma yau da safe ta sake tambaya.