Ƙwayoyin Inna a Bakin Zane

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

A ɗakin gwajin magungunan da nake aiki nan Libreville ta ƙasar Gabon, mun ɓare ƙwayoyin hawan jini daga ledarsu, muka bar su cikin danshin garin nan. Da muka auna, ƙarfinsu ya ragu. Sai na tuna yadda Inna ke ɓare nata ta ƙulle a bakin zane. Na waiga don in ba wani labarin, babu Bahaushe ko ɗaya a ɗakin.

Don Allah ki hana ta. A'a, bari, ki haɗa mu a waya in gaya mata da kaina. Ko faɗa ta yi mini, ai na ji muryarta.

A gaida kowa, a sa ni cikin addu'a.

Ƙanwarki,
Rabi