Muryar Hajja a Gefen Fim

Litinin, 6 ga Maris, 2023
Ina laluben takalmi a ƙarƙashin gado na jawo gwangwanin fim. Na buɗe, sai warin tsami. Majigin tsabta ne, wanda marigayiya matata Hajja ta yi wa bayani da Hausa tun tana malamar asibiti, ni kuma ina haska fim a Fagge. Hotunan sun koɗe. Amma da na ɗaga shi saitin taga, siririn layin gefen yana nan, kamar haƙoran zarto. Muryarta ke nan a zane! Ba ni da ita a kaset, ba ni da ita a waya.

Tuwon da Jawahir matar maƙwabci ta aiko ya koma yadda ya zo. Kullum haka.

Alhamis, 9 ga Maris
Na shiga adaidaita zuwa Sabon Gari, gwiwa tana ta ƙara. Tochukwu mai gyaran rediyo, shi ma furfura ta cinye shi, yana da tsohon injin majigi a ƙarƙashin tebur. Na ce masa haske ke ratsa layin, idon lantarki ya gani, ya mai da shi sauti. Ya ce, "Baba Kyari, kai da ba ka jin sallama, mutuniyar za ka ji?" Ɗan banza.

Fim ɗin ya bushe, yana karyewa. Ya ce da ƙyar ya jure zagaye ɗaya.

Asabar, 11 ga Maris
Ƙaramin ƙwan fitilar sauti ya ƙone. Babu irinsa har shagunan Bata.

Talata, 14 ga Maris
Tochukwu ya haɗa injin da ƙwan babur! Ni na zura fim ɗin, yatsuna ba su manta hanya ba. Da farko bel ɗin injin ya yi sako-sako, Hajja ta fito da muryar ƙato. Muka yi dariya har na yi tari. Ya ɗaure bel.

Sai ga ta. "Jama'a, a wanke hannu da sabulu, sannan a zauna a ci abinci sosai." Da faɗan nan nata. Tochukwu ya kanga wayarsa a lasifika. Fim ya tsinke, ya zube gutsi-gutsi.

Amma ya ɗauki muryar a waya, Alhamdulillahi.

Juma'a, 17 ga Maris
Jawahir ta leƙa kwano, ta ga wayam, ta ce, "Baba, baƙo ka yi?" Na ce a'a. Na ce gobe ta ƙaro miya, Tochukwu zai zo. Wai zai duba wayata kawai, ya tura mini muryar.

Sabulu ya kusa ƙarewa.